Yadda Daniel Johnston Ya Ɗauki Bege a Kaset

Hausawa na cewa son maso wani ƙoshin wahala. Daniel Johnston, mawaƙi ɗan Amurka da aka haifa a 1961, ya ƙoshi da wannan wahala har ya mayar da ita sana'a. Budurwar da ya kamu da sonta a makarantar koyon zane ta auri wani mai aikin shirya jana'iza. Shi kuwa ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan iyayensa a jihar West Virginia, ya zauna gaban fiyano, ya fito da kundin waƙoƙinsa na farko, Songs of Pain, a 1981.

Kayan aikinsa ba su wuce fiyanon da wata rikodar Sanyo mai araha da kaset ba. A situdiyo, kowane abin kiɗa da makirufonsa, daga baya injiniya ya daidaita su, ya ɗaga wannan ya rage wancan. Wannan shi ake kira haɗa sauti. Mai rikodar gida kuwa makirufo ɗaya gare shi, ɗan ƙarami, a jikin na'urar. Don haka duk haɗin da zai yi, da tazara zai yi shi. In ya ajiye rikodar kusa da fiyano, kiɗa ya danne murya. In ya matso da ita bakinsa, numfashi ya bugi makirufo, sauti ya fashe. Sai ya gwada baiti ɗaya, ya mayar da zare baya, ya saurara, ya gusar da na'urar ɗan taƙi, ya sake.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta irin waɗannan rikodoji da sai wanda ya daɗe da su ke ganewa. Da kansu suke daidaita ƙarfin sauti. In mawaƙi ya ɗaga murya, na'urar ta matse ta. In ya yi shiru, sai ta buɗe kunne tana lalube, nan take ƙarar "shuu" ta zaren kaset ta taso ta cike gurbin. A waƙar bege wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk inda siririyar muryar Johnston ta tsaya, mai sauraro yana jin ɗakin da babu kowa cikinsa. Ba a yanka, ba a faci. Daga lokacin da ya danna jan maɓalli, yatsu da maƙogwaro za su kai waƙar ƙarshe a tafiya ɗaya. Har faɗan da mahaifiyarsa ke yi masa ya naɗa, ya jera shi tsakanin waƙoƙin.

A 1983 ya koma Texas, ya zauna a garejin ɗan'uwansa a Houston, inda babu fiyano. Mutane da yawa nan za su naɗe hannu, su ce sai an samu kayan aiki. Shi sai ya samo ɗan ƙaramin ogan mai iska. A cikinsa akwai fanka da ke hura iska ta kan wasu siraran harsuna. Hannun dama na bin maɓallan karin waƙa, na hagu na danna maɓalli guda da ke fitar da amo uku a haɗe. An ƙera abin ne don a danna a riƙe. Johnston ya riƙa dukan maɓallan da sauri, har ƙwanƙwasar yatsunsa ta zame masa ganga. Da haka ya naɗi kundin Yip/Jump Music, a shekarar kuma ya ƙara da kundin Hi, How Are You.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon kaset ɗin. Kwafi daga kaset zuwa kaset yana cin sauti, kowane kwafi ya fi na gabansa dushewa. A lokutan da ba shi da na'urar kwafi ma, sai ya sake zama ya rera waƙoƙin daga farko don mutum guda. Ya zana bangon kaset ɗin da hannunsa, ya maƙala. A Austin, inda ya yi aiki a gidan abinci na McDonald's, hannu da hannu yake miƙa wa mutane, duk da larurar ƙwaƙwalwa da ta yi ta kai shi asibiti. A 1992 Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana ya fito bikin kyaututtukan MTV sanye da riga mai zanen kwaɗon da ke bangon Hi, How Are You, matasa suka shiga tambayar wa ya zana shi.