Karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce

Mai ɗori yana iya kama hannu ko ƙafa, ya jera karare ya ɗaure. Ƙugu kuwa zobe ne na ƙashi, ya haɗu a gaba ƙasan mara, ya kuma kama ƙashin baya ta gaɓoɓi biyu, dama da hagu. In mota ta buge mutum ko ya faɗo daga bene, zoben ya ɓalle gaba da baya, babu inda za a aza kara. Ga jini yana ta zuba a ciki, ido ba ya gani.

A da, ko a asibiti, kwantar da mutum ake yi, a rataya masa nauyi a ƙafa, ya shafe makonni bai motsa ba. Daga nan sai gyambon kwanciya, da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, da ciwon huhu. Wanda ya tashi kuma sau da yawa da ɗingishi yake tashi, da ciwon da ba ya barinsa.

Shi ya sa nake goyon bayan hanyar da likitocin ƙashi suka kama yanzu. Tun shekarun 1980 Marvin Tile na Toronto ya rarrabe karayar da ke zaune daram da wadda ke gocewa. A shekarun 1990 Chip Routt na Seattle ya yaɗa dabarar yin ’yar tsaga a gefen ɗuwawu, a zura dogon sukuru ya ratsa gaɓar ya shiga ƙashin baya, ana bin sa da na’urar hoton ƙashi. A gaba kuma a sa ƙarfe ya riƙe. Cikin kwanaki mara lafiya ya tashi zaune.

Sai dai aikin ba na kowa ba ne. Jijiyoyin da ke motsa ƙafa suna dab da hanyar sukurun. Kuskure kaɗan, ƙafa ta saki. Dole a sami na’ura mai kyau da hannun da ya goge. Kuma ba kowace karaya ce ke son wuƙa ba, wadda ba ta goce ba takan warke da hutu.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba zai ɗauke nauyin Arewa shi kaɗai ba. Gwamnatocin jihohi su sayi na’urorin, su tura likitoci horo. Ku kuma jama’a, in kun tsinci wanda ya yi haɗari yana kukan ƙugu, ku ɗaure masa zani tam daidai saman cinyoyi, inda suka haɗu da ƙugu, kada ku tsayar da shi, ku garzaya da shi asibiti.