Ba Sabar da Ta Fi Cika Ce Gida Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe ɗaya daga cikin manyan wasannin intanet da dubban mutane ke bugawa tare, irin su World of Warcraft ko Final Fantasy XIV, ya san tambayar da ake fara yi masa tun bai zaɓi suna ba: a wace sabar za ka zauna? Sai a jero maka sunaye, kowanne da alama a gefensa. Wannan ta cika maƙil, wannan tsaka-tsaki, waccan kuma ba mutane sosai. Sabar dai ita ce babbar kwamfutar kamfani da ke ɗauke da kwafi guda na duniyar wasan. Garuruwa da dazuzzuka da dodanni duk iri ɗaya ne a kowace sabar, mutanen ciki ne kawai suka bambanta. Akasarin sababbin shiga wadda ta fi cika suke dannawa, ko su bi inda wani shahararren mai watsa wasansa a Twitch ya sauka. Ni a ganina babu zaɓin da ya kai wannan nauyi a duk wasan. Yayin da ake ciki yanzu, na yin dandazo a sabar guda da kuma rushe katangun da ke tsakanin sabobi, yana cinye ainihin abin da ke sa mutum ya shekara goma bai bar wasa ɗaya ba.

Don a gane abin da ake asara, a koma farkon shekarar 2006. World of Warcraft bai daɗe da cika shekara ɗaya ba, kamfanin Blizzard ya kafa wata ƙofa a cikin hamadar wasan, ƙofar Ahn'Qiraj, ya ce ba za ta buɗe a kowace sabar ba sai mutanen wannan sabar sun tara kayan yaƙi da hannunsu. Tagulla, fatu, bandeji, kifi, ganyen magani, kowanne dubbai a kan dubbai. Ɓangarori biyun da ke gaba da juna, Horde da Alliance, kowa da nasa kason, kuma in ɗaya ya yi lalaci ƙofa ba ta buɗuwa. Ƙaramin ɗan wasan da bai isa shiga babban faɗa ba yana haƙo tagulla ya kai, manyan ƙungiyoyi kuma suna fafutukar haɗa sandan da za a buga ƙararrawar buɗe ƙofar da shi. Sabar Medivh ce ta fara buɗe tata a watan Janairu, mutane suka yi cincirindo har na'urar ta riƙa faɗuwa. Sauran sabobi suka biyo baya, wasu bayan makonni, wasu bayan watanni. Har yau tsofaffin 'yan wasa in sun haɗu suna tambayar juna wa ya buga ƙararrawa a sabarku. Wasa ɗaya ne, amma kowace sabar da tarihinta.

Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne sabar ta wancan lokaci unguwa ce. Mutane 'yan dubbai ne, kullum kuna cin karo a kasuwar birni da bakin kogon dodo. An san maƙerin da ke da sirrin ƙera wani takobi, an san mai warkarwar da ba ta gudu in faɗa ya rincaɓe, an kuma san wanda ya taɓa wawure ganimar da ba tasa ba ya fice. Wannan na ƙarshe ya shiga uku, domin sunansa zai zaga, ba ƙungiyar da za ta sake ɗaukarsa, kuma canza suna ko ƙaura ba abu ne mai sauƙi ba. Kunyar idon wanda za ka sake gani gobe ita ke gyara hali, fiye da duk dokokin da kamfani zai rubuta. Haka ma alheri ba ya ɓacewa. In ka tsaya ka taimaki wani baƙo ya gama aikin da ya gagare shi, wata rana shi ne zai ba da shaidarka a gaban shugaban ƙungiya.

Daga baya kamfanoni suka fara sassauta wannan. A ƙarshen 2009 Blizzard ya kawo na'urar haɗa tawaga: ka danna maɓalli, a haɗa ka da mutum huɗu daga wasu sabobi, a jefa ku cikin kogo, ku gama, ku watse ko sallama babu. A 2012 aka fara cakuɗa mutanen sabobi daban-daban a fili guda. A 2014 wasan Guild Wars 2 ya koma tsarin da na'ura ce ke rarraba mutane a kwafi-kwafin taswira, The Elder Scrolls Online kuwa da ya fito a wannan shekarar manyan sabobi biyu ya tanada, ta Amurka da ta Turai. A 2022 aka bar Horde da Alliance su shiga kogo tare, kuma zuwa 2024 ƙungiya ɗaya na iya ɗaukar mutane daga sabobi daban-daban.

Ba zan ce waɗannan gyare-gyare ba su da amfani ba. Magidancin da ke da awa ɗaya bayan ya dawo daga aiki ba zai so ya ƙarar da rabinta yana shelar neman abokan tafiya ba. Sabar da ta mutu kuma abin tausayi ce: kasuwa ba kaya, birni ba kowa, ka yi magana ba mai amsawa. Waɗanda suka shiga New World na kamfanin Amazon a Satumban 2021 sun ga wannan da idonsu. A makon farko mutane sama da 900,000 ne ke ciki lokaci guda a dandalin Steam, kowace sabar kuwa kusan mutum 2,000 take ɗauka, aka yi ta buɗe sababbi. Kafin shekarar ta ƙare an fara haɗe sabobin da suka zama kufai. Wanda ya taɓa ɗanɗana wannan ba za a ga laifinsa ba in ya ce shi dai inda jama'a suke zai tafi.

Sai dai tsoron kufai ya haifi wata cutar da ta fi shi. Lokacin da za a dawo da tsohon tsarin wasan da sunan World of Warcraft Classic a Agustan 2019, Blizzard da kansa ya gargaɗi masu rububin sabar Herod cewa layin shiga zai iya wuce mutum 10,000. Ba a ji ba. Mutum ya dawo gida ya kunna kwamfuta, ya zuba wa lamba ido tana raguwa ɗaya-ɗaya, ya ci abinci, ya yi wanka, ya dawo bai kai ƙofa ba. Abin bai tsaya nan ba. A sabobin da aka yarda ɓangarorin biyu su far wa juna a fili, da zarar ɗaya ya ɗan rinjaya sai 'yan ɗayan su gaji da kisa, su biya kuɗin ƙaura su gudu. Gudunsu ya ƙara karkatar da ma'auni, na baya ma su bi sahu. Haka sabobin Faerlina a Amurka da Gehennas a Turai suka zama kusan na Horde zalla, Benediction kuma ta Alliance. Mutanen da suka zaɓi sabar yaƙi suka wayi gari ba abokin gaba ko ɗaya. A 2022 sai da kamfanin ya rufe ƙofar shiga waɗannan manyan sabobi, ya buɗe ƙaura kyauta ga mai son fita. Kowa ya bi abin da ya ga shi ne mafita a gare shi, aka taru aka lalata wurin baki ɗaya.

Ko a inda layi ba shi da tsawo, cikar tana da kuɗinta. A Final Fantasy XIV filayen gina gida ƙidayayyu ne a kowace sabar, tun 2022 ma ƙuri'a ake jefawa kafin a samu. A sabar da ta cika mutane da yawa ke neman fili ɗaya, alhali a wadda ba ta cika ba damar ta fi yawa, har kamfanin Square Enix na ba da ladan saurin ƙarin matsayi ga mai zaɓen irin waɗannan. Lokacin da aka fitar da sabon kashin wasan mai suna Endwalker a Disamban 2021, cunkoso ya kai kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, jagoransa Naoki Yoshida ya fito ya ba da haƙuri, domin ƙarancin kayan lantarki a duniya ya hana su ƙaro na'urori da wuri. Ganin kitse ake yi wa rogo. Cikin mutum dubu ashirin, da nawa za ka yi hulɗa? Ƙungiyar da za ka zauna da ita da wuya masu zuwa kullum su wuce talatin.

Mu da ke bugawa daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi muna da ƙarin lissafi biyu da ɗan Landan ba ya yi. Na farko nisa. Saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tsakanin Legas da Landan akwai kimanin kilomita 5,000, ke nan zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba ko da a miƙe wayar take. Ita kuwa ba a miƙe take ba, bakin teku take bi, ga kuma tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano kafin a kai Legas. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 Turai suka nufa, shi ya sa sabar Turai ta fi mana sauri nesa ba kusa ba a kan ta Amurka ko Asiya. 'Yan PUBG Mobile sun san wannan lamba da ke gefen allo, kore in abu ya yi kyau, ja in ya ɓaci, ka harbi mutum ka ga ya riga ya bar wurin. A 2020 kuma aka sa dokar cewa wanda ya canza sabar a wannan wasan sai ya jira kwana 60 kafin ya sake canzawa. A Free Fire ma asusunka na ɗaure da yankin da ka buɗe shi. Don haka a gwada kafin a yanke shawara, kuma a gwada da daddare lokacin da kowa ke kan layi.

Na biyu lokaci, kuma wannan ya fi na farko muhimmanci a wasannin ƙungiya. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne da na Faransa da Jamus a lokacin sanyinsu, in zafi ya shigo su wuce mu da awa ɗaya. Ƙungiyar Turai da ke taruwa ƙarfe tara na dare ta dace da wanda ya idar da sallar isha'i ya zauna. Ƙungiyar New York da ke taruwa ƙarfe takwas nasu kuwa, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ne a nan. Babu wasan da ya cancanci ka riƙa makara sallar asuba da aiki saboda shi. Akwai kuma abin da dole ya faru da kowannenmu: ana tsakiyar faɗa da dodo, mutum ashirin sun dogara da kai, a ɗauke wuta ko data ta ƙare. A tawagar da na'ura ta haɗa, kafin ka tayar da janareta an kore ka an sa wani. A ƙungiyar da ta san ka, za ka dawo ka tarar suna hira suna jiranka, wani ma ya tambaye ka ko wutar ce kuma. Su ne za su matsar da lokaci saboda kai in azumi ya zo. Wannan ba ya samuwa sai inda aka zauna aka saba.

Abu ɗaya da bai kamata a manta ba shi ne sabar ta kamfani ce. A Janairun 2023 aka kashe sabobin World of Warcraft a ƙasar Sin bayan yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, mutanen da suka shekara goma sha a ciki suka rasa wurin haɗuwa, sai a 2024 aka dawo da su. Wasan City of Heroes an rufe shi a 2012, masoyansa ne suka raya shi da kansu har aka ba su lasisi a 2024. A irin wannan rana sulke da zinariyar wasa ba sa bin kowa. Waɗanda suka tsira da wani abu su ne masu zauren Discord ko WhatsApp, domin sun kwashi junansu sun koma wani wasan tare.

Shawarata ga mai shirin shiga ita ce kada ya yi gaggawa. Ka buɗe ƙaramin jarumi a sabobi biyu ko uku masu matsakaicin cika, a yankin da agogonsa ya dace da naka. Ka tsaya a babban birni a daidai lokacin da za ka riƙa wasa, ka karanta hirar da ake yi. Ka yi tambayar da sabon shiga zai yi, ka ga ko za a amsa maka ko za a yi maka dariya. Ka lura da yadda ake yi wa wanda Turancinsa bai nuna ba, da abin da ake faɗa in mutum ya ce daga Afirka yake. In akwai ɓangarori biyu, ka tabbata dukansu suna raye. Idan ka samu inda ya kwanta maka, ka zauna, ka riƙe suna ɗaya, ka taimaki na bayanka, kuma kada ka tattara kaya ranar da aka fara raɗe-raɗin sabar na mutuwa, domin masu gudun ne ke kashe ta. Ku kuma da kuka daɗe a ciki, in ƙaninku ya ce zai fara, kada ku tura shi inda ya fi cika. Ku kira shi inda kuke, ku gabatar da shi ga mutanenku.