Fim ɗin Indiyan da masu wankiya suka tsallake

Mai karatu, da an ce fim ɗin Indiya na san waƙa da rawa ne ke faɗo maka a rai. To, nemi Ek Doctor Ki Maut, wanda darakta Tapan Sinha ya yi a 1990.

Pankaj Kapur ya fito a likita mai bincike da ya kwashe shekaru yana neman rigakafin kuturta, matarsa Shabana Azmi tana ta haƙuri. Da ya dace, sai abokan aiki suka sako shi gaba da hassada, manya suka cilla shi ƙauye, Amurkawa suka kwashe yabon. Tushen labarin rayuwar Dakta Subhash Mukhopadhyay ce, wanda a 1978 ya fara haɗa ƙwan haihuwa a wajen mahaifa a Indiya, aka ƙaryata shi, ya kashe kansa a 1981.

Gaskiya fim ɗin na da nauyin tafiya, amma baƙin cikin mai ilimi da aka wulaƙanta zai riƙe ka har ƙarshe. Furodusoshinmu, in wankiyar ta zama dole, ku wanko irin wannan mana!