Allurar gwiwa: da me aka kwatanta ta?

Kafin ka biya wa Baba kuɗin PRP, allurar da ake tacewa daga jinin mutum, don an ce ta fi sitiroyid maganin zaizayewar gwiwa, tambaya: ta fi ruwan gishiri? A wani gwajin Ostareliya da aka wallafa a 2021, an raba mutum 288, wasu PRP, wasu ruwan gishiri. Bayan shekara ɗaya, babu wani bambancin a zo a gani. Shi sitiroyid 'yan makonni yake kwantar da ciwo, kuma a gwajin Amurka na 2017, waɗanda aka yi wa shi duk wata uku sun fi rasa guringuntsi. To, doke shi bayan wata shida, lokacin da ƙarfinsa ya riga ya gushe, wace bajinta ce?