Sharhi kan Kalmar "Maroon" da Kuskuren Masu Fassara

Masu fassara a Nijar, waɗanda suka yi karatu da Faransanci, sukan ɗauka cewa "maroon" ta Ingilishi da "marron" ta Faransanci abu guda suke nufi, don haka sai su fassara su duka biyu da "ruwan ƙasa". Wannan kuskure ne, kuma ya kamata a gyara shi tun bai zauna cikin littattafan makaranta ba.

Gaskiya ne asalinsu ɗaya. Faransanci ya aro kalmar daga "marrone" ta Italiyanci, sunan ƴaƴan wani itace da ake gasawa a Turai lokacin sanyi, sannan Ingilishi ya aro ta daga Faransanci. Amma ma'anar ta rabu a hanya. A Faransanci launin ƙasa-ƙasa ne, a Ingilishi kuwa ja ne mai duhu. Bambancin ba na takarda ba ne kurum. Tela daga Gazawa ko Agye da ya aika Kantin Kwari a Kano a sayo masa yadi "maro", yana nufin ruwan ƙasa, zai iya samun ja mai duhu, tun da ɗan kasuwar Kano da kunnen Ingilishi ya ji kalmar.

Abin takaici shi ne Hausa ba ta rasa kalmomi a nan. Muna da "ruwan hanta", muna kuma da "makuba", watau ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke yayyafa wa daɓe, wanda ya fi kusa da launin da Ingilishi ke nufi. Makiyayin Gidan Rumji ma, da yake kiran akuyar Maraɗi "jar akuya", ya nuna cewa faɗin "ja" a Hausa ya wuce na "rouge", shi ya sa Faransawa suka kira ta "rousse".

Akwai kuma wata "maroon" ta biyu wadda ba ta da dangantaka da launi. Ta fito daga "cimarrón" ta Sifaniyanci, sunan dabbar gida da ta gudu ta koma daji, daga baya aka liƙa wa bayin da suka tsere daga gonakin Turawa a Amurka. Na tsibirin Jamaika sun yi yaƙi da Ingila har ta ƙulla yarjejeniya da su a 1739, an kuma kai wasunsu Firitawun ta Saliyo a 1800. Wanda ya fassara sunansu da "masu ruwan ƙasa" ya shafe tarihinsu baki ɗaya. "Gudaddun bayi" ne, ko kuwa "bayin da suka ƴanta kansu".

Shawararmu ga masu tsara ƙamus ita ce a raba kalmomin gida uku: ruwan ƙasa ga "marron", makuba ko ruwan hanta ga "maroon" ta launi, sannan gudadden bawa ga ta tarihi.