"Ni a Gida Nake Wanke Nawa", Inji Samarin Brooklyn

Tun da kyamarar fim ta dawo yayi a New York, aka samu wata sabuwar ɗariƙa cikin masu ɗaukar hoto, 'yan "ni a gida nake wanke nawa". Ba a minti biyar da zama da ɗayansu a Bushwick ko Ridgewood sai wa'azi ya tashi, wai masu kai fim shago asarar kuɗi kawai suke yi. A baki lissafin yana da daɗi. Fim guda mai hoto 36, a wanke shi a zuba a kwamfuta, yakan ci dala 15 zuwa 20 ko fiye a shagunan birnin. In mutum ya yi haka sau ashirin ko talatin, ai ya biya kuɗin na'urar sikanin.

Abin haushin, kullum a nan lissafin yake tsayawa.

Saurayi zai nufi B&H da ke kan titi na 9, ko Adorama a titi na 18, ya ɗauko Epson V600 ko Plustek yana murmushin wanda ya ci riba. Bayan mako biyu ya gane V600 ba ta fitar da ƙaramin fim tas yadda yake so, Plustek kuma hoto ɗai-ɗai take karɓa, da hannu ake tura mata. Nikon ta daɗe da daina ƙera Coolscan, kwancenta ma sai mai ƙumbar susa. Daga nan sai a koma ɗaukar nagatif da kyamarar dijital: a sayi gilashin ɗaukar kusa, a sayi fitila, a sayi marikin fim, a sayi manhajar Negative Lab Pro, a riƙa biyan Adobe kuɗin Lightroom duk wata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya fitowa a wa'azin. Kamar mai sayen keken ɗinki ne don gudun kuɗin tela, alhali riga biyu yake ɗinkawa a shekara.

Sai ƙura. A shago, injin Noritsu ko Fuji Frontier yana haɗiye fim guda cikin 'yan mintuna. A gida kuwa mutum zai kwana gaban allo yana bin zaren bargo da gashin kyanwa yana gogewa, a birnin da ake biyan ma'aikaci da awa. Wannan daren shi ma kyauta ne a lissafinsu.

Wuri fa? A 2022 matsakaicin kuɗin haya a Manhattan ya haura dala 4,000 a wata, Brooklyn kuma ba ta yi nisa a baya ba. Wanke fim mai launi da sinadaran C-41 yana son zafi digiri 38 daidai, sinadaran kuma in an haɗa su ba sa jira, cikin 'yan makonni sun fara lalacewa. Don haka banɗakin da mutum uku ke rabawa shi ne ɗakin wanki, fim na lilo a sandar labulen wanka, abokin zama na ƙwanƙwasa ƙofa zai makara aiki.

Firinta ta fi duka rainin hankali. Epson P700 da Canon PRO-300 kowace tawada kala 10 take sha, in an bar ta wata guda ba aiki sai ta ƙone tawadar wajen share bakinta kafin ta yarda ta fitar da hoto ɗaya.

To, a ba su nasu. Fim baƙi-da-fari yana wankuwa a digiri 20 cikin sauƙi da araha, kuma wanda ya gaji da injin shago yana ƙone masa baƙar fata ko ya mayar da ita toka-toka yana da hujjar riƙe launinsa a hannunsa. Haka mai jakar nagatif ɗin iyayensa daga Kano ko Kumasi, ajiye a wani ɗaki a Bronx, sayen na'ura ya fi masa.

Amma wanda fim biyu ke isarsa wata guda, sha'awa yake yi, kuma babu laifi ya faɗi haka. In ƙamshin sinadari yake marmari, Bushwick Community Darkroom na ba da hayar ɗakin duhu, ya je ya jiƙa hannunsa ya dawo, ya sakar wa abokan zamansa banɗaki.