Jinjina ga Maginan Gaya da Ajingi

Wanda ya ratsa ƙauyukan Gaya da Ajingi, daga Kademi zuwa Toranke, zai ga soraye da zauruka da rumbuna, duk aikin hannun magina. Da rani suke haƙo jar ƙasa, su kwaɓa da ciyawa, su bari ta tsima, sannan su mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya. In bango ya tashi, a jera azarar giginya wadda ta gagari gara, a shafe da makuba saboda damina.

Ladan wahalar nan shi ne ɗaki mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu, ba tare da buhun siminti ba. Sannunku da aiki, magina. Matasa kuma, ku koya tun iyayen sana'ar suna raye.